Tambarin Marubuci: Daga Kotson Narambaɗa zuwa Alƙalamin Abubakar Imam

Ga wata 'yar tambaya. Da za a ɗauko shafi guda daga littafin Magana Jari Ce, a cire bangon, a shafe sunan mai shi, sannan a karanta wa ɗayanmu, layi nawa za a yi kafin ya ce wannan ai Abubakar Imam ne? Ina jin ko uku ba za a cika ba. To, wannan abu da ke sa a gane mutum daga maganarsa ko ba a ambaci sunansa ba, shi nake kira tambarin marubuci. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san irinsa, domin manomi yakan ɗauki galma ya jujjuya, ya dubi bakinta da ƙotarta, ya faɗi maƙerin da ya ƙera ta, kuma a kan wannan sani ake yin cinikin.

A 'yan shekarun nan zancen ya yi yawa a bakin matasa masu rubutu a intanet. Kowa na neman yadda zai fita daban, ya yi suna, a riƙa bibiyar abin da ya rubuta. Wasunsu ma suna zaton wani sabon ilmi ne da aka kawo daga Amurka, alhali kuwa ƙasar Hausa ta daɗe da sanin abin, har tana da kalmominta a kansa, irin su take da kirari da bakandamiya. Abin da nake so mu duba a cikin tarihi shi ne yadda waɗanda suka yi suna na gaske suka same shi, da kuma abin da suka biya a kansa.

Mu fara daga gida, ko da yake mutanen biyu da zan fara ambata ba alƙalami suka riƙe ba. Marigayi Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa, maƙwabtan Shinkafi, makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Makaɗan fada ba su yi ƙaranci a zamaninsa ba, ga Salihu Jankiɗi, ga Aliyu Ɗandawo, ga Musa Ɗanƙwairo yana tasowa. Amma Narambaɗa ya kama hanya guda ya riƙe, wato yabon sarauta da zambo da habaici cikin Hausa mai nauyi, wadda sai mutum ya tauna sau biyu kafin ya ji zaƙinta. Waƙarsa da aka sani da Bakandamiya ta ubangidansa ce, amma a cikinta ya ware wuri mai yawa ya faɗi ko shi wane ne a fagen waƙa da matsayin da yake ganin ya kai. Mamman Shata ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma yau in aka ce wannan ce bakandamiyar wane, ana nufin aikin da ya fi kowane nuna shi. Can gefe guda kuma ga Kassu Zurmi, wanda ya zaɓi maza 'yan tauri da mafarauta, mutanen daji da ba a shimfiɗa musu darduma a fada. Babu wanda zai ji muryar Kassu ta tashi ya zaci za a yabi sarki. Kowanensu ya san wanda yake yi wa waƙa, kuma daga wannan sani ne muryarsa ta sami kamanninta.

A fagen rubutu kuwa, malaman ƙarni na 19 masu waƙoƙin ajami suna da wani tsari da ya kamata mu lura da shi. Mawaƙi yakan buɗe da yabon Ubangiji da salati, ya faɗi nufinsa, ya yi wa'azinsa ko ya ba da tarihinsa, sai can a baitocin ƙarshe ya ambaci sunansa, wani lokaci da na mahaifinsa ko garinsu, ya rufe da ramzi, wato shekarar da ya yi waƙar a ɓoye cikin haruffa. Ashe ke nan manufa ce a gaba, suna yana biye a baya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta fi nuna wannan a fili. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba don nuna gwaninta take sauya harshe ba. Larabci na malamai ne, Fulatanci na dangi da na fada, Hausa kuwa ta jama'ar gari ce. Yaƙe-yaƙen jihadi, har da cin Alƙalawa a 1808 wanda Namoda na cikin jagororinsa, sun bar mata da yawa a ƙauyuka da gidaje ba su da hanyar zuwa gaban malami. Su ta nufa. Ta kafa tsarin 'yan taru, ta naɗa jajoji tana ba su malfa da jan rawani, su zo su haddace waƙoƙi a wurinta su koma garuruwansu su koyar. Saboda haka waƙoƙinta na Hausa suka zo da sauƙin hadda, ba ta cika su da kalmomin da sai an buɗe ƙamus ba. Da ta ga dama da ta tsaya a Larabci ta yi suna a tsakanin malamai kaɗai.

Yanzu sai mu zo ga mutumin da ya fi kowa dacewa da wannan magana, wanda kusan dukanmu muka karanta a aji, wasu da daɗi, wasu kuma da bulala a kusa.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. East ya ba da labari daga baya cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da mutum mai mutunci zai iya yi, domin a wurinsu tatsuniya ta tsofaffi ce da yara, littafi kuwa na addini ne da tarihi. Wannan yunƙuri ne ya haifar da littattafai biyar da muka sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

Abin lura a nan shi ne, cikin mutanen nan duka Imam ne kaɗai ya mai da rubutu sana'ar rayuwarsa. Ɓalewa ya rubuta littafi mai natsuwa da tausayi a kan bauta, amma siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966. Malam Bello ya bi hanyar shari'a har ya zama Walin Katsina. Shi kuwa Imam, yana saurayi ɗan shekara 22, ya yi wani abu da nake ganin ya nuna inda ya dosa tun daga farko, wato ya raɗa wa tauraron Ruwan Bagaja suna Alhaji Imam, ya sa shi yana ba da labarin da bakinsa, suna ta gasa wa juna aya a hannu shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Mai karatu ba ya jin kamar littafi yake karantawa, sai ya ji kamar yana zaune a dandali wani mai bakin magana yana hira. Wannan murya ta mai hira, mai ban dariya, mai cusa karin magana a inda ya dace, ita ce tambarin Imam, kuma bai sake ta ba har ya bar alƙalami.

A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu. East ya tara masa littattafai na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya zauna wata shida yana aiki, aka sami Magana Jari Ce littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Masu nazari, ciki har da Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin labaran sun nuna inda da yawansu suka fito: Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Grimm suka tara a Jamus, da wasunsu. Shi kansa akun da ke hana ɗan sarki fita ta hanyar jan hankalinsa da labari, asalinsa daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa yake. Wasu in sun ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce ashe aro ne. Ni kam ban ga abin sanyin gwiwa ba. Ku tuna labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo, sannan ta haɗa baƙon da mijinta gudu da wuƙa. A Jamus labarin wata kuku ce da ubangidanta. Amma wane ne cikinmu ya taɓa jin ƙanshin Jamus a jikin Kalalatu? Ƙarfen na wasu ne, ƙirar kuwa tasa ce, kuma ƙira ake saye a kasuwa. Har ila yau sunan littafin kansa ya faɗi manufar mai shi, domin aku ba shi da takobi ba shi da dukiya, da baki kawai ya kai matsayin waziri. Imam yana gaya wa ɗan makarantar elementare cewa iya magana da iya rubutu dukiya ce da za ta iya ɗaga talaka.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo guda, Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma ya riƙe ta wajen shekara 12. Mu mutanen wannan yanki muna da alaƙa da abin, domin layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929, saboda haka garin da ake buga jaridar yana ɗaya bakin layin da ke kwasar gyaɗarmu da audugarmu. A nan ne manufar Imam ta fito sosai, kuma a nan ta fara tsada. Jaridar ta gwamnati ce, Turawa ne suka kafa ta, ana kuma dab da shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Masu karanta ta kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa, sannan da ɗimbin jama'ar da ake karanta wa a zaure. Edita yana tsaka mai wuya ke nan. In ya matsa wa En'e sarakuna su yi fushi, in ya yi shiru samari 'yan boko su ce ɗan koren Turawa ne. Hanyar da Imam ya zaɓa ita ce ta mai hira da ya saba: ya faɗi gaskiya a cikin labari da karin magana, ya buɗe shafi ga wasiƙun masu karatu, ya yi gyara ba tare da ya fasa tukunya ba.

An gwada wannan matsayi nasa a 1943, lokacin da aka gayyaci wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, ya nemi 'yan tawagar su sa hannu. Imam ya ƙi, ya kuma sha suka a kan haka daga 'yan kishin ƙasa na Kudu. Amma a cikin wannan tafiya ɗin dai ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya zayyana masa ɓarnar da ke cikin mulkin En'e da yadda ake danne samarin da suka yi ilmin zamani, daga baya kuma ya bi da wasiƙu. Wanda ya dubi abu na farko kaɗai zai ce matsoraci ne, wanda ya dubi na biyu kaɗai zai ce ɗan tawaye ne. A ganina abu guda ne ya sa shi yin duka biyun, wato ya ɗauki kansa bakin Arewa, mai son a gyara gida daga ciki kafin a cire masa rufi. Ana iya saɓa masa a kan wannan ra'ayi, mutanen NEPU ma sun saɓa masa daga baya, amma ba a iya cewa bai san inda ya tsaya ba. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Akwai kuma wata hasara da ba a cika ambata ba. Bayan Magana Jari Ce, Imam bai sake rubuta wani babban littafin hikaya ba. Jarida ta cinye lokacinsa, sai siyasa ta biyo baya a farkon shekarun 1950, sai aikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, sai kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966. Bai daina rubutu ba, domin ya yi Ikon Allah tare da East a kan halittu, ya yi littattafan tarihin Annabi da na halifofi, ya yi Haji Mabuɗin Ilmi. Duka dai koyarwa ce, wadda ita ce manufarsa tun asali. Amma mutumin da ya ƙago Malam Zurƙe yana ɗan shekara 22 ya rayu har 1981, kuma a duk waɗannan shekaru bai ƙara ba mu wani Zurƙen ba. Duk wanda ya ji daɗin Ruwan Bagaja yana da haƙƙin ya ɗan yi takaicin wannan.

In ana son a ga akasin hanyar Imam, sai a dubi Malam Sa'adu Zungur na Bauci. Shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne, shi ne kuma ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba a Ikko, ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC a ƙarshen shekarun 1940, yana kuma cikin waɗanda suka fi tasiri a tunanin Malam Aminu Kano. Waƙoƙinsa da aka buga ba su da yawa, littafin ma ɗan siriri ne, amma Arewa Jumhuriya ko Mulukiya da Maraba da Soja da Waƙar Bidi'a sun isa a gane shi ko cikin duhu. Inda Imam ke shafa wa magana zuma, Sa'adu barkono yake zuba mata, yana faɗa wa sarakuna da malamai da talakawa laifinsu kai tsaye. Ya yi fama da doguwar jinya, ya rasu a 1958, saura shekara biyu a sami 'yancin da ya yi ta faɗa a kansa. Shi kuma Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega wanda ya rasu a 1999, harshen Hausa kansa ya ɗauka abin karewa, kamar yadda waƙarsa Hausa Mai Ban Haushi ta nuna, kuma da aka tara waƙoƙinsa a 1977 sai littafin ya fito da sunan Fasaha Aƙiliya, wato sunan mai shi ya zama sunan salon.

Duk waɗannan da na ambata na zamanin boko suna da hukuma ko kamfani a bayansu, ko Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, ko NORLA ta shekarun 1950 wadda ta riƙa buga wa Lardin Sakkwato jaridar Zaruma, ko NNPC. Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe da zama a Gusau, ta wannan ƙofa ta shigo, domin gasar NNPC ce ta fito da littafinta So Aljannar Duniya a 1980, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta nace sai wanda take so. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya. Sai marubuci ya koma shi ne mai rubutawa, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai bin 'yan kasuwa bashi. A nan ne tallar kai ta zama dole. Waɗanda suka sayi littattafan Kano a tashar mota ko a kasuwa cikin shekarun 1990 sun tuna yadda bangon baya yake, da hoton marubuci, da jerin littattafan da ya yi, da waɗanda ya ce suna nan tafe, da tambarin ƙungiya irin su Raina Kama. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a 1991, ya shiga kusan kowane ɗakin kwanan ɗalibai, har da waɗanda aka hana shiga da shi. Malumfashi ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta tafka muhawara a jaridu shekara da shekaru, su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan.

Ɗaruruwan mutane sun sa hotonsu a bango a wancan lokaci, kuma mafi yawansu yau ko mai sayar da tsofaffin littattafai ba zai tuna da su ba, domin in ka karanta ɗaya kamar ka karanta goma ne. Kaɗan da suka saura su ne waɗanda ke da wata magana tasu da ke cin su a rai. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana cikinsu. An cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta koma karatu daga baya, kuma tun daga Budurwar Zuciya a 1987 har zuwa Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, zancenta bai kauce daga auren dole da ilmin 'ya mace da halin da matar da aka wulaƙanta ke shiga ita da 'ya'yanta ba. Ta sha zargi cewa tana tona asirin gidaje, tana kuma zuga mata. Ba ta sauya jigo don a bar ta ta huta ba. A 2012 wani kamfanin buga littattafai da ke birnin Chennai na ƙasar Indiya ya fitar da fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Malam Aliyu Kamal ya yi, shekara 22 bayan littafin ya fara shiga kasuwar Kano.